Gwangwanayen da Yaya Ya Cika

Daga sansani, ranar Talata

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, da matarka da yara. Ya ciwon gwiwar nan taka? Ni lafiyata ƙalau, cikin da ya dame ni a makon farko ya lafa tun da na daina shan ruwan da ba a tafasa ba. Asibitinmu na tafi-da-gidanka yanzu yana can bayan tsaunuka, tanti biyar da janareta ɗaya. Waya ba ta kamawa ko an hau dutse, shi ya sa sai takarda, ta hannun direban da ke kawo mana magani da abinci duk bayan kwana goma.

To, gaisuwa ta ƙare. Yaya, me na yi maka?

Na buɗe kwalin da ka aiko ina murna, sai ga gwangwanaye dogaye sirara kamar na maganin sauro. Har takwas, kuma ko ɗaya bai hau ɗan rishon gas ɗina ba. Ranar da zan taho, a shagonka na buɗe rishon nan a gabanka, kanka na bayan firjin wani, ka ce min "na gani, na gani", alhali ko ɗagowa ba ka yi ba. Bari in sake faɗa, a rubuce wannan karon. Rishona in an naɗe ƙafafunsa uku bai fi tafin hannu ba. Ba shi da gindin kansa, a kan gwangwanin yake zama. Gwangwaninsa gajere ne mai ƙiba, ana murza bakinsa kamar murfin kwalba. In na gama na kwance, bakin ya rufe kansa, in jefa a jaka. Dogayen da ka aiko na wani risho ne mai faɗi kamar akwati. Akwai kuma na uku wanda ake hudawa, in ka ɗaura shi ba ka isa ka cire ba sai ya ƙare. Shi ma kada ka bari mai kanti ya maƙala maka. Ba don gayu na zaɓi nawa ba. Duk sati biyu sai mun tattara mun yi gaba, wani wurin da ƙafa, kowa da kayansa a baya.

Kuma ba shayina kaɗai ke kansa ba. Sau biyu ake hura wuta a kicin ɗin sansani. In haihuwa ta zo da tsakar rana, da rishon nan muke tafasa ruwa da almakashi, ni da Ungozoma, dattijuwar da muke tanti ɗaya. Shekara ashirin da bakwai tana karɓar haihuwa, ita kaɗai ce gare mu, ni taya ta nake ina koyo. Jiya ta leƙa kwalinka ta ce, "Yayan naki sauro yake so mu kashe?" Kowa ya yi dariya, ban da ni.

Na mayar maka da dogayen. Ga kuma guda huɗu da suka ƙare na haɗa wa direba, tunda baki bai isa ba, ido ya gani. Biyu suka rage min. Ka cika min su shida kafin ya juyo, don Allah, kada a sake.

Ƙanwarka,
Auta


Daga shago, ranar Asabar

Auta,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, gwiwa da sauƙi, sai in na daɗe a tsugune. Matata na gaishe ki, ta ce ki riƙa cin abinci.

Na karanta takardarki sau biyu, na biyun don in tabbata ni aka rubuto wa ba ɗan dako ba. "Baki bai isa ba, ido ya gani." Ni kike gaya wa haka? Ni da na riƙa ɗaukar ki a kafaɗa zuwa makaranta? Kin zauna ana yi wa yayanki dariya a cikin baƙi, kin kuma rubuto min don in ji daɗi. Madalla.

Kuskure an yi, ban musa ba. Mai kanti ne ya ce duk gas ɗaya ne, ni kuma firji uku na jirana. Amma ki daina koya min gas kamar kina karantar da 'yan aji ɗaya. Shekara ashirin ina aiki da shi, na firji, na sanyaya ɗaki, na walda. Warinsa kaɗai in na ji na san ta inda yake fita.

Kin ce a cika, an cika. Kwana biyu na ajiye aikin mutane na zauna a kan naki. Ga su nan huɗu a kwali, kowanne na naɗe shi da jarida don kada su gogi juna a hanya. In kin ɗaga za ki san ba wasa aka yi ba. Ki nuna wa dattijuwar taki mai baki, ki ce mata wannan ba na sauro ba ne.

Nan gaba in za ki ɗauki biro, ki tuna wa kike rubuto wa.

Yayanki


Daga sansani, ranar Alhamis

Yaya,

Sallama. Ina fata kuna lafiya. Ni ban ƙone ba, in abin da za ka fara tambaya ke nan. Ungozoma ce ta ƙone, hannu biyu.

Shekaranjiya da rana tsaka aka kawo wata mace tana naƙuda. Na tsaya a kanta, Ungozoma ta koma bakin tantinmu ta ɗora ruwa. Gwangwanin da ke kan rishon ya ƙare, sai ta zari ɗaya daga kwalinka, ta yage jaridar, ta murza. Ta ce ta ji yana huci, ta ɗauka bai zauna ba ne, ta ƙara matsewa har ya yi shiru. Ta ƙyasta ashana. Daga inda nake na ji "bum". Na fito na ga wuta ta kai tsayin mutum, ba shuɗiyar nan da muka sani ba, ja, tana tofowa ta gefen baki. Labulen tanti ya kama. A cikin tantin akwai kwalin magunguna da sauran gwangwanayenka uku. Da gudu ta yi, da babu abin da ya same ta. Ba ta gudu ba. Ta kama abin da hannu biyu ta wurga shi can cikin yashi.

Mai janareta ne ya kashe wutar tanti da jiƙaƙƙen bargo. Shi ne kuma ya kwance sauran ukun daga jarida, ya juya su, ya kira ni. Ka san gindin gwangwanin nan a lotse yake, ya shige ciki. Biyu daga cikinsu gindin ya kumburo waje kamar kwano a kife, ko tsayawa ba sa yi a kan tebur. Ya ce, "Malama, waɗannan ba sababbi ba ne, wani ya ɗura musu." Na ce ƙarya ne, yayana ne ya sayo su. Sai idona ya faɗa kan ɗan karcen da ni da kaina na yi wa ɗaya da wuƙa watan jiya, don in gane wanda na fara buɗewa.

Tsofaffin ka ɗura wa gas, Yaya? Tsofaffin? Ba ka ga rubutun jikinsu ba, cewa ba a sake cika su? Da manyan baƙaƙe yake. Ƙarfensu kaɗan ya fi na gwangwanin madara kauri. Mai janareta ya ce gas ɗin babbar tukunyar gida ya fi ƙarfinsu, kuma ka cika su maƙil ba ka bar masa wurin numfashi ba, zafi ya taso, ya nemi hanya. Ya kai su can cikin fili ya saki gas ɗin ɗaya bayan ɗaya, mu duka muna tsaye nesa kamar masu kallon maciji.

Na ce ka cika min su shida. Biyu da huɗu shida. Sababbi huɗu! Da na ga "an cika" a takardarka, na ɗauka adadi ya cika. Kwana biyun da ka ce ka yi, na ɗauka yawon kasuwa ne, har na ji tausayin gwiwarka.

Matar ta haihu lafiya, likita ne ya karɓa, shi da rabonsa da ɗakin haihuwa tun yana makaranta. Ungozoma tana kwance, hannayen a naɗe har gwiwar hannu. Ni nake ba ta abinci a baki, ni nake kai ta bayi. Ba ta ce min komai ba. Da zagina ta yi, da ya fi min sauƙi.

Shugaban sansani ya ce in rubuta rahoton inda gwangwanayen suka fito. Ka ce ko ɗan dako na ɗauke ka. Da ɗan dakon na aika, da bai san yadda zai cuce mu haka ba.

Auta


Daga shago, ranar Laraba

Auta,

Lafiyarmu lau. Allah ya ba baiwar Allahn nan lafiya, ya sa kaffara ce. Tun da na karanta ban ci abincin kirki ba, ki tambayi matata.

Amma ba zan zauna ki jibga min kayan nan ni kaɗai ba. Ga takardarki a gabana, na danne ta da sifana. "Ga guda huɗu da suka ƙare. Ka cika min su." Ki karanta wa duk wanda kika ga dama a sansanin naku, har likitan, ki ji me zai ce. Kin aiko wa mai ɗura gas gwangwani babu komai ciki, kin ce ya cika. Me kike so ya zuba musu, ruwa? In sababbi kike so, kalmar "sayo" ta ɓace miki ne? In irinsu kike son nuna min, ɗaya bai isa ba, sai huɗu? Kina ta sauri ki gasa min magana, ba ki tsaya kin duba abin da hannunki ya rubuta ba.

Rubutun jikin gwangwani na gan shi. Haka suke rubutawa a jikin komai don a jefar a sayi sabo. Ni na ƙera bakin tagulla da hannuna, na haɗa tiyo, na shafa ruwan sabulu a bakin kowanne ban ga kumfa ba. Wa ya sani ko robar rishonki ce ta tsufa? Wa ya ce ku ajiye kwali a tanti rana na dukansa? Kuma wanda ya ji gas na huci ya ƙyasta ashana, shi ma sai a ce ni ne?

In aikina ne ba kyau, me ya sa ba wanda ya dawo min da ƙorafi? Tun da maƙwabta suka ga abin, layi ake yi min. Mai shayin bakin titi, masu gadin ma'ajiya, direbobin manyan motoci, har telan da ke jikin shagona. Mutum goma sha ɗaya na ɗura wa, gwangwani goma sha tara, kowa sai godiya.

Sai ki gaya min abin da kika rubuta a rahoton. In kin sa ni, daga bakinki nake so in ji, ba daga bakin wasu ba.

Yayanki


Daga sansani, ranar Lahadi

Yaya,

Muna nan. An kwance wa Ungozoma hannun dama, yana warkewa. Na hagun ne yake damun likita.

Goma sha tara? Innalillahi. Yaya, ka tashi ka karɓo su duka, yau ba gobe ba. Mai shayi mutane ne zagaye da shi. Direba a cikin mota yake ajiye nasa, gilashi a rufe, rana na duka. Ba su dawo da ƙorafi ba don lokacinsu bai yi ba, namu ma kwana shida suka yi lafiya lau a kwali. Kada ka tara su a shago. Ka kai su fili inda iska ke kaɗawa, babu wuta kusa, ka sake su.

Rahoto na rubuta, kuma na sa ka. Na sa kaina ma. Na kwafi layina yadda yake, na kwafi naka a ƙasansa. Shugaba ya karanta ya dube ni ya ce, "Ke da kike rubuta wa marasa lafiya yadda za su sha magani, haka kike rubutu?" An sa min takardar gargaɗi, an kuma hana kowa ajiye gas a tantin kwana. Layina ya karkace, na yarda. Da "sayo" na rubuta, da hannun matar nan yana nan lafiya, kuma da wannan zan yi ta yawo har in mutu. Amma ni kalma na kuskure. Kai gargaɗi ka gani da idonka, ka karanta, ka ce ka fi shi sani. Ba ɗaya ba ne. Kuma kada ka sake ɗora wa Ungozoma laifin ashana. Matar da ta kama wuta da hannu don kada tanti ya tashi da mu?

Mai janareta ya duba rishona, robarsa lafiya lau.

Ka rubuto ta hannun direban nan. Layi ɗaya ya isa: "na karɓo."

Auta


Daga sabon sansani, ranar Juma'a

Yaya,

Sallama. Ina fata lafiya ce ta sa ka yi shiru, ko da yake ban san wace irin lafiya ce ke hana mutum layi ɗaya ba.

Sau uku direba ya zo ya koma. Sau uku ina tsaye tun kafin ya kashe mota, yana girgiza min kai. Ya ce ya bi ta shagonka sau biyu, kwaɗo ya tarar a ƙofa. Na tambaye shi ko ya ga alamar gobara a layin, ya ce a'a. Ka ga inda ka kai ni? Ina tambayar bare ko shagon yayana ya ƙone.

In fushi kake don na sa ka a rahoto, ka yi ta yi, ba zan goge ba. Amma in ka rufe shago ne ka zauna a gida kana hura hanci, alhali abubuwan nan suna hannun mutane, to wallahi ban san ka ba.

Haihuwa huɗu na karɓa a watan nan, Ungozoma na zaune a kujera a bayana tana faɗa min da baki. A ta uku jaririn da ƙafa ya taho. Na ji kujerarta ta motsa, ta miƙo hannu ta manta, sannan ta mayar da shi kan cinyarta. An rabu lafiya, amma da na fito sai da na zauna a ƙasa.

Ka ba ni amsa, ko ka sa matarka ta rubuto.

Auta


Daga gida, ranar Litinin

Auta,

Assalamu alaikum. Ni ce matar yayanki. Yara lafiya, ni ma haka, in ban da ɓacin rai. Takardarki ta ƙarshe ni na buɗe, don mai ita ba ya gida, kuma gara da bai gan ta ba. Hura hanci kika ce? Bari in ba ki labarin hura hancin.

Ranar da takardarki ta "ka karɓo su" ta zo, yana cin abinci. Ya karanta, ya ce ke yarinya ce ba ki san komai ba, ya ci gaba da ci. Loma biyu ya ƙara ya tsame hannu. Ya fita wurin mai shayi ya ce a ba shi gwangwanin ya gani. Ya dawo yana riƙe da shi nesa da jikinsa, gindin ya kumbura. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, ko ranar da babanku ya rasu.

Tun ranar bai buɗe shago ba. Babur ɗinsa ya sayar ya sayo sababbin gwangwanaye, ya riƙa bin mutane da ƙafa, da gwiwar nan, yana ba da sabo yana karɓar nasa. Kin ɗauka godiya ake masa? Wani mai gadi cewa ya yi ba zai bayar ba, nasa ya fi sabon nauyi, wayo ake so a yi masa. Sai da yayanki ya zauna a ƙofar ma'ajiyar tun safe har la'asar. Tela ya tara masa jama'a yana cewa ashe bam aka ajiye masa kusa da keken ɗinki. Yanzu duk layin in an hango shi sai a ce "ga mai bam nan". Masu firji sun zo sun kwashe kayansu sun kai wa wani.

Ba cewa nake ba shi da laifi ba. Ranar da yake ƙera bakin tagullar nan na ce, "Baban yara, abin nan kamar ba a sake zuba masa." Ya ce in koma kicin. Na wanke shi tas a kan wannan, kuma ban gama ba. Amma ke ma, Auta, kin san halinsa. Kin san in aka ce bai iya ba, sai ya nuna ya fi kowa. Kika gaya masa an yi masa dariya, kika rufe takarda da magana mai baki biyu. Me kike tsammani?

Goma sha takwas ya karɓo. Ɗaya ya rage, wurin wani direban tankar fetur da ake kira Gajere, ba wanda ke da lambar wayarsa. Kwana tara ke nan yayanki ya bi shi, daga wannan tasha zuwa waccan. Sau ɗaya ya kira ni a wayar wani, ya ce motar ta riga shi wucewa da kwana ɗaya. Bai tafi da maganin hawan jininsa ba, ga shi nan a kan taga ina kallo.

In wani abu ya same shi a hanya, ke da shi ba wanda zan yafe wa. Ki gaida min Ungozoma, ki ce mata ina jin kunyarta.

Matar yayanki


Daga gida, ranar Asabar

Auta,

Na karɓo. Ga layinki ɗaya.

Shekaranjiya na dawo. Gwiwa ta kumbura, kai na sarawa, an ba ni magani. Na ga takardarki da aka ɓoye min, na karanta. Ba zan ce komai a kanta ba.

A wata tashar manyan motoci na sami Gajere, da hantsi. Tanka ta fi ashirin a jere. Yana tsugune a inuwar motarsa, ya buɗe risho, ya ɗauraye buta, gwangwanina na hannunsa. Tsohon nasa a safiyar nan ya ƙare, nawa kuwa mako bakwai yana ƙarƙashin kujerarsa. Ban yi sallama ba, fizgewa na yi. Ya ɗauka ɓarawo ne, ya miƙe ya shaƙe ni, abokansa suka taru, wani ya zabga min mari. Ban saki ba. Da ya gane ni, na juya masa gindin gwangwanin. Ya dube shi, ya ɗaga kai ya dubi tankar, ya sake ni ya zauna a ƙasa. Na tafi da abin can bayan tasha cikin fili, na sake shi, na tsaya har hucin ya mutu.

Bakin tagullar na raba shi gida biyu da zarto. Ba don kin ce ba.

Direbanku ya ce akwai wuri a gaba ranar Talata, zan biyo shi. Ba wurinki zan zo ba, kada ki shirya min komai. Matar nan nake so in gani, in tsaya a gabanta ta faɗi abin da za ta faɗa. Ki gaya mata tun yanzu. In ba ta son ganina, sai in zauna a mota.

Yayanki


Daga sansani, ranar Alhamis

Matar Yaya,

Assalamu alaikum. Ya yara, ya ƙoƙari? Mijinki ya iso lafiya, kuma mota ɗaya za ta kawo miki shi da takardar nan. Na san ba zai ba ki labari ba, shi ya sa nake rubutu ana loda kaya. Na auna jininsa, ya hau. Na ba shi magani, ya karɓa bai dube ni ba.

Ungozoma ta ce a shigo da shi. Ya cire takalmi a bakin tanti, ya durƙusa da gwiwar nan. Ta ce, "Tashi, ba gaisuwa na kira ka ba. Matso." Ta ɗora masa hannun hagunta a tafinsa. Yatsu uku sun manne sun lanƙwashe, ba sa miƙewa. Ta ce, "An ce kai mai gyara ne. Duba da kyau. Wannan yana gyaruwa?" Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ban sani ba, Inna." Ta ce, "To, yau ka yi magana."

Ya roƙe ta ta yafe masa. Ta ce, "Na ji ka bi tanka kwana da kwanaki, Allah ya saka. Amma wannan na waɗancan mutanen ne, ba nawa ba. Nawa ka bari tukuna, ban kai wurin ba." Sannan ta juyo kaina ta ce, "Ke ma haka." Wata biyu da ɗoriya ina ba ta abinci a baki, sai jiya ta faɗa.

Ta ajiye aiki. Likita ya rubuta mata takarda zuwa babban asibitin da ke kusa da ku, ko tiyata za ta saki yatsun, amma ya ce kada ta sa ran komawa ɗakin haihuwa. Jakar kayan aikinta ta bar min. Har a aiko wata, ni ce.

Ni da mijinki mun yi cacar baki a bayan tantin magani, sai da mai janareta ya zo ya tsaya a tsakaninmu. Ya ce na tona masa asiri a takarda, na ce shi ya tona wa kansa. Ya ce bakina ne ya jawo komai, na ce kunnensa ne. Kada ki ɗauka na ba shi haƙuri, shi ma bai ba ni ba. Na ga shatin mari a kuncinsa, ban tambaya ba.

Yanzu haka ina hango su daga nan. Ya ɗauki akwatinta a ka, direba ya ce ya kawo, ya ƙi. Ya ba ta kujerar jikin taga, shi ya matse a tsakiya da ƙafarsa mai ciwo. Ɗazu na ji yana ce mata duk kwanakin da za ta yi a asibiti shi zai riƙa kai mata abinci, tunda danginta na nesa. Ta ce ba ta so. Ya ce bai tambaye ta ba.

Direba na danna hon, dole in tsaya nan. Ki ƙara tukunya, kuma ki yanka komai ƙanana, don da hannu ɗaya take ci.

Auta